Yaya ake faɗar 3/7, 3/5 da 1:1000 da baki a Turancin asibiti?

Ɗalibar Ungozoma

Assalamu alaikum. Ina shekarar ƙarshe a makarantar ungozoma. Ranar Laraba mai zuwa zan tsaya gaban malamanmu da wata mai jarrabawa da za ta zo daga wata jiha, in gabatar da bayanin wata mai ciki da na bi tun daga awo har ta sauka. Rubutun na kammala shi. Abin da ya hana ni sukuni shi ne faɗar lambobin da baki, domin da Turanci za a yi, kuma ba a yarda mutum ya nuna allo ya ce ga shi nan ba.

Ga abin da ke cikin foldar matar: ciwon kai 3/7, kumburin ƙafa 2/52, ciki 36+4/40, awon jini 160/110, kan jariri 3/5. Bayan haihuwa Apgar, wato makin lafiyar jariri, 7/10 a minti na farko, 9/10 a minti na biyar. Ita da mijinta duka AS ne, shi ya sa na rubuta haɗarin sikila 1:4. Sannan a jerin kayan tiren gaggawa akwai adrenaline 1:1000.

A firamare an koya mana uku bisa bakwai, wato "three over seven", kuma a ajinmu kusan kowa "over" yake cewa a kan komai. Amma na ji wata likita a zagayen safe ta ce "three fifths palpable", a numfashi guda kuma ta ce "one sixty over one ten". Ƙawata ta dage 1:4 "one ratio four" ake cewa, wata kuma ta ce "one is to four". Don Allah iyayenmu da yayyenmu a wannan aiki ku warware mini. Akwai ƙa'ida ne, ko kowa yadda ya ji a bakin na gaba da shi yake faɗa?

Sista Mai Ritaya

Wa alaikumus salam 'yata. Allah ya ba ki sa'a ranar Laraba. A ɗakin haihuwa na yi aikina, daga baya na koyar, na kuma zauna a kujerar mai jarrabawa, don haka na san abin da kunnen matar nan zai saurara.

Sanda jirgen da ke tsakanin lambobi biyu ba karatu ɗaya gare ta ba. A foldar da kika kawo mana kaɗai aiki huɗu take yi. Ɗalibar da ta ce "over" a kowane wuri ta nuna alamar take karantawa ba ta san abin da aka auna ba, kuma wannan shi ne ainihin abin da mai jarrabawa ke son ganowa. Kafin ki buɗe baki, ki tambayi kanki: lambar ƙasan nan mece ce?

A 3/7, bakwai ɗin kwanakin mako ne. A 2/52, hamsin da biyu makonnin shekara ne. Idan kin ga 6/12, sha biyu watanni ne. Gajarta rubutu ce da muka gada daga asibitocin Ingila, kuma ba a furta lambar ƙasa sam. Cewa za ki yi "headache for three days", "leg swelling for two weeks". Shi ma 36+4/40 haka ne, arba'in makonnin cikakken ciki ne, sai ki ce "thirty-six weeks and four days". Tsakanin ma'aikata za ki ji "thirty-six plus four", amma gaban mai jarrabawa ki faɗe shi a cike. Ki lura da wurin da kika tarar da lambar. Wannan 6/12 ɗin da ke nufin wata shida a tarihin ciwo, idan a katin asibitin ido ne ƙarfin gani yake nufi, ana cewa "six twelve": abin da mai lafiyar ido zai karanta daga mita 12, shi sai daga mita 6. Cikakken gani 6/6 ne, "six six", wanda Amurkawa ke kira "twenty twenty" saboda su da ƙafa suke awo. Haka kuma 3/7 a saman shafi zai iya zama 3 ga Yuli. Shi ya sa ni a rubutun da za a miƙa wa malamai ba na son gajartar nan, a rubuta kwana uku da kalmomi.

Awon jini shi ne gidan "over". "One sixty over one ten", ko a cike "one hundred and sixty over one hundred and ten millimetres of mercury". Ba rabawa ake yi ba, awo biyu ne aka ɗora ɗaya kan ɗaya, na lokacin da zuciya ta matse da na lokacin da ta saki. Kuma ki faɗi wannan lamba da nauyinta, kada ki wuce ta da gudu. Mai ciki da ta kai 160 a sama ko 110 a ƙasa ta shiga hawan jini mai tsanani, ga ciwon kai na kwana uku a kai. Tambayar da za ta biyo baya a kan jijjiga ce da maganinta magnesium sulphate, ki shirya mata.

Apgar maki ne, kamar na jarrabawa, don haka "seven out of ten at one minute, nine out of ten at five minutes". Virginia Apgar, likitar sa barci ce a birnin New York, ta wallafa ma'aunin a 1953: alamomi biyar, kowace ana ba ta sifiri ko ɗaya ko biyu. Tunda kowa ya san goma ne ƙololuwa, "an Apgar of seven at one minute" ma daidai ne. Duk wani maki haka yake tafiya. Ma'aunin suma na Glasgow 15/15 "fifteen out of fifteen" ne, ƙarfin hannu ko ƙafa 4/5 "four out of five", zafin ciwo 8/10 "eight out of ten".

Sai 3/5 na kan jariri, wanda shi kaɗai ne kaso na gaskiya a duk foldar. Kin san yadda ake yi: kan jariri an ɗauke shi faɗin yatsu biyar, ki ɗora hannu a saman ƙashin mara ki ji yatsu nawa ne suka samu kai. Uku cikin biyar na abu guda ne yake sama, don haka "three fifths palpable". Idan ya koma 2/5, "two fifths palpable", kai ya shiga ƙugu. Kin ga 4/5 na ƙarfin ƙafa da 4/5 na kan jariri rubutu ɗaya ne, karatu daban. Ƙa'idar kaso ba ta da wuya: lambar sama a faɗe ta yadda take, ta ƙasa a ba ta siffar jere, third, fifth, tenth, a ƙara mata s idan ta sama ta wuce ɗaya. Rabi "half" ne, rubu'i "a quarter", Amurkawa sukan ce "one fourth". Kalmar "fifths" tana harɗe harshe, har su masu yaren sukan haɗiye f ta biyu. Ki yi ta maimaita ta a ɗaki da ƙarfi har ta zauna, domin idan s ta ƙarshe ta faɗi, sai a ji kamar ba ki san jam'i ba ne.

Yanzu alamar ruwa biyu (:), inda na fi so ki nutsu. "One ratio four" a Najeriya kawai na ji shi, ki bar shi a aji. "One is to four" na darasin lissafi ne, inda ake cewa ɗaya ga huɗu kamar biyu ga takwas. Kalmomin asibiti biyu ne, "to" da "in", kuma ba ɗaya suke ba. Idan kin zuba mudu ɗaya na gero a kan mudu uku na dawa, gero da dawa "one to three" ne, amma a cikin duka buhun gero "one in four" ne. "To" yana jera ɓangare da ɓangare, "in" yana auna ɓangare a cikin duka. Danna ƙirji sau 30 da hura numfashi sau 2 ga babba, 30:2, "thirty to two". Ga jariri sabon haihuwa 3:1, "three to one". Nas ɗaya ga marasa lafiya takwas, "one to eight".

To ki koma kan 1:4 da kika rubuta. Idan AS ya auri AS, rabon AA da AS da SS shi ne 1:2:1, "one to two to one". Haɗarin SS ɗaya ne cikin huɗu, "one in four". Wanda ya karanta rubutunki ya ce "one to four" ya mayar da shi ɗaya cikin biyar, ya rage haɗarin ba da sani ba. Ki goge ruwa biyun ki rubuta "1 in 4". Kuma ki ƙara "in each pregnancy", a takarda da kuma a gaban matar. Na sha ganin iyayen da suka fahimci cewa tunda na fari ya zo da sikila, ukun da za su biyo baya sun tsira. Kowane ciki daga farko lissafinsa yake somawa, kuma rashin faɗar wannan ya jefa gidaje cikin wahala.

Abu biyu ƙanana. Lambobin bayan ɗigo ɗaya bayan ɗaya ake faɗa: 0.25 "zero point two five" ne, ba "point twenty-five" ba, kuma kada ki jefar da sifirin farko. 'Yan Ingila za ki ji suna cewa "nought". Sannan fifteen da fifty, thirteen da thirty, a ɗakin da fanka ke kaɗawa mace na ihun naƙuda ba mai bambance su. Ki saba da cewa "fifteen, one five", "fifty, five zero". Batun adrenaline na bar wa masu magani, sun fi ni bakinsa.

Mai Haɗa Magani

Mama ta gama magana, Allah ya ƙara lafiya. Ƙanwata, adrenaline 1:1000 "one in a thousand" ne ko "one in one thousand". Ma'anarsa giram ɗaya a cikin mililita dubu, wato miligiram ɗaya a kowace mililita. Ɗan'uwansa 1:10,000, "one in ten thousand", ya fi shi rauni sau goma: miligiram ɗaya a mililita goma. Na farkon shi ake yi wa babba a naman cinya, rabin mililita, idan jikinsa ya yi mummunan bore ga magani ko allura. Na biyun shi ake turawa a jijiya idan zuciya ta tsaya, mililita goma. Sifiri ɗaya ne tsakaninsu a jikin kwalba, kuma an rasa rayuka a duniya saboda wannan sifirin. Abin ya kai a Amurka tun 2016 aka daina rubuta wannan rabon a kwalaben adrenaline zalla, aka koma 1 mg/mL da 0.1 mg/mL. Mu har yanzu kwalaben da ke shigo mana da yawa suna ɗauke da tsohon salon. Shawarata, duk lokacin da kika faɗe shi ki haɗa biyun: "one in a thousand, that is one milligram per millilitre". Idan an ba ki umarni da baki, ki maimaita wa mai umarnin miligiram nawa, mililita nawa, ta wace hanya, kafin ki fasa kwalba.

A fannin magani sanda jirge tana da wasu ayyuka biyu da Mama ba ta taɓo ba. Tsakanin ma'aunai "per" ce: mg/kg/day "milligrams per kilogram per day". Tsakanin sinadarai biyu da ke cikin ƙwaya ɗaya kuma ba a furta ta, ɗan tsayawa kawai ake yi. Maganin maleriya artemether da lumefantrine 20/120 "twenty, one twenty", babbar ƙwayar 80/480 "eighty, four eighty". Insulin 70/30 "seventy thirty". A ɗakin yara za ki ga ƙarin ruwa mai 1/5 saline, wannan kaso ne na gaskiya, "one-fifth normal saline", domin 0.18 humusin 0.9 ne.

Inda "to" da "in" suka fi cizon mutane a wurina shi ne haɗa ruwan kashe ƙwayoyin cuta. Don a samu kulorin 0.5 cikin ɗari na goge jini daga bilic mai ƙarfin 5 cikin ɗari, awo ɗaya na bilic ake zuba wa awo tara na ruwa: "one to nine", wanda shi ne "one in ten". Takardu da yawa 1:10 kawai suke rubutawa, wani ya zuba tara wani ya zuba goma. Idan irin Jik ne mai 3.5, awo shida na ruwa ne. Ki duba ƙarfin a jikin robar, kuma idan za ki gaya wa mai shara, ki bar lambobin Turanci ki ce kofi ɗaya na bilic, kofi shida na ruwa.

Ɗan Damagaram

Salamu alaikum. Ni nas ne, a Yamai na yi karatu da Faransanci, yanzu nake fama da Turanci saboda kwasa-kwasan da ake turo mu. Na ƙaru ƙwarai da bayanin Hajiya. Ina so in ja hankalinku kan takardun da marasa lafiyarmu ke ɗauka zuwa Katsina da Kano. A tsarin Faransa awon jini da santimita ake yawan faɗarsa, don haka 120/80 mu 12/8 muke cewa, sha biyu takwas, ba wata kalma a tsakani. Matar da kika ba da labari a wurinmu 16/11 ce. Idan kin ga haka a kati daga Maraɗi ko Damagaram, kada ki ɗauka kwanan wata ne ko kuskure, ki ƙara sifiri a kowace lamba. Ƙarfin gani kuma da goma muke aunawa, cikakke 10/10.

Wanda ya fi tsorata ni shi ne waƙafi. Mu 0,5 muke rubutawa inda kuke rubuta 0.5, kuma bayan waƙafin a dunƙule muke faɗar lamba, 0,25 sifiri waƙafi ashirin da biyar. Da na fara ganin 1:10,000 a littafin Turanci, idona ɗaya cikin goma ya karanta, domin a wurinmu sifirai bayan waƙafi ba su ƙara komai. Duk wanda ke karɓar takardar magani daga ƙetaren iyaka, ko ta wane ɓangare, ya tsaya a kan waƙafi ya tabbatar.

Na Ɗakin Gwaji

Hajiya, da izininki zan ɗan saɓa a wuri ɗaya. A ɗakin gwaji ƙa'idar "to" da "in" ba ta tsaya cak haka ba. Sakamakon Widal, gwajin taifot, idan ya nuna 1:160 ma'anarsa ruwan jini kashi ɗaya a cikin 160 gaba ɗaya, don haka "one in one sixty" ya fi dacewa, kuma shi muke faɗa. Amma a laccocin Amurkawa "one to one sixty" za ki ji, kuma abu ɗaya suke nufi. Ɗaliba kada ta ji haka ta ce sun yi kuskure.

A nan kuma lamba mai girma ita ce sakamako mai ƙarfi, saɓanin adrenaline. 1:320 ya fi 1:80, domin an tsinka jinin sosai kuma har yanzu yana nunawa. Daga 1:80 zuwa 1:320 shi ne "a fourfold rise", ninki huɗu tsakanin gwaji biyu da aka raba da kwanaki, kuma shi ne abin dubawa. Gwajin nan tun 1896 yake, kuma Widal guda ɗaya ba ya tabbatar da taifot a yankin da kusan kowa ya taɓa haɗuwa da ƙwayar. Yana yi mini ciwo yadda ake ɗora wa mutane allurai a kan takarda ɗaya mai 1:80 ba tare da an shuka jini an ga ko ƙwayar za ta fito ba.

Ɗalibar Ungozoma

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Mama, na gyara 1:4 ɗin, na kuma mayar da 3/7 da 2/52 kalmomi. Saura abu ɗaya. A ƙarshen takardar na ƙirga matan da suka zo awo a watan da na yi a can, 17/64 suna da hawan jini, kuma kusan 2/3 sun zo awon farko bayan wata biyar. Yaya zan faɗi 17/64? Kuma "two thirds of the women was" ne ko "were"?

Sista Mai Ritaya

Maganar ɗan'uwanmu na ɗakin gwaji gaskiya ce, na karɓa. A sakamakon gwaji duka biyun ana ji, tunda kowa a can ya san abin da ake nufi. Inda ba zan sassauta ba shi ne haɗarin cuta da ake gaya wa iyali da kuma haɗa ruwan magani.

'Yata, 17/64 mutane ne kika ƙirga, don haka "seventeen out of sixty-four women", ko "seventeen of the sixty-four". Ba mai cewa "sixty-fourths". Ki bi shi da kashi cikin ɗari: 17 a raba da 64 ya ba da 26.6, "twenty-six point six per cent", ko ki ce "just over a quarter", wanda ya fi zama a kunne. Aikatau kuma sunan da ya biyo bayan "of" yake bi. Mata jam'i ne, "two thirds of the women were". Da mahaifa kike magana a kai, abu guda, sai "two thirds of the placenta was". Tunda kusan kika ce, ki sa "about" ko "nearly" a gaba, kuma ki riƙe ainihin adadin matan a gefen takardarki, domin idan ni ce a kujerar nan sai na tambaye ki su nawa ne.